Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Tarayya: Kada A Fake Da Asararmu A Rufe Bakin Jama'a

Masu girma Sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, musamman ku da muka aika daga Arewa,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, Allah ya taya ku riƙo.

Ni ɗan fim ne a Kano. Da naɗe wayar lantarki a lokeshan na fara, na koma ɗakin tace hoto, daga baya na zuba kuɗina na shirya nawa. Na rubuto ne kan sashe na 61 na Dokar Haƙƙin Mallaka, wanda ya ba hukuma ikon toshe shafin intanet ba tare da zuwa kotu ba. Na fara da faɗin sana'ata ne don kada wani ya karanta abin da zai biyo baya ya ce lauyan ɓarayi ne ya rubuto. Satar fasaha ta ci ni, ci ba na wasa ba, har yau ban gama farfaɗowa ba.

A 2014 na sayar da filin da na gada wurin mahaifina, na haɗa da rancen wani yayana, na yi fim. Kwana goma sha bakwai muka yi a ƙauye, rana ta gasa mu, janareto ya ƙone sau biyu, jarumar ta kwanta zazzaɓi muka zauna jiran ta ana ciyar da mutum talatin. Na buga faifai dubu goma sha biyar muka saki ranar Litinin. Ran Laraba da la'asar na tsaya wani ɗan shago a bakin titi in ba da cajin waya, irin shagunan nan masu kwamfuta ɗaya da benci da lasifika tana ta ɓaɓatu. Yaron da ke ciki, bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya dube ni ya ce, "Alhaji, akwai memori a wayar? Ga wani sabon fim, shekaranjiya ya fito, yana tashe. Naira talatin ne, in ka haɗa uku ka ba da saba'in." Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Sunana ne yake tafiya a kai, da launin rubutun da ni da kaina na zaɓa.

Ban ce masa uffan ba. Na miƙa masa talatin ɗin ya tura mini, don in ga ko mai kyau ne. Mai kyau ne kuwa, tas da shi, ba abin da ya raba shi da na faifan. Da na koma gida na ba uwargida labari, ta ce to me ya hana ka kira 'yan sanda? Na ce a kama wa? Yaron da ko ya sayar da shagon har da bencin ba zai biya kuɗin man janareton ba? Shi ma wani ne ya tura masa, wanin ma wani ya tura masa. Faifan da suka yi kwantai, buhu shida, suna nan ƙarƙashin bene a gidanmu, ɓeraye sun mayar da kwalayen sheƙa.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Duk wanda ya san Ƙofar Wambai a zamanin kaset da sidi ya san turereniyar ranar sakin fim, dillalai daga Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram suna lodi. Ku je ku gani yau, shagunan sun koma na wasu kayan. Muka gudo intanet muka rungumi fim mai dogon zango, sai muka tarar ɓarayin sun riga mu isa. Ka saki kashi na biyar ƙarfe takwas na dare, kafin tara yana yawo a Telegram, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Ƙannenmu mata marubuta, masu buga littafi da babban yatsa a waya suna sayarwa a zaurukan WhatsApp, kowane shafi sai sun rubuta Allah ya isa a samansa ga duk wadda ta fitar musu da shi waje. Allah ya isa ɗin nan ita ce kaɗai dokar haƙƙin mallakar da suka sani, ita ma kuma ba ta hana ba.

Saboda haka da na ji Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka a watan Maris na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1988, na yi murna har na kira abokan sana'a ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar an rubuta ta ne lokacin da rediyo mai kaset biyu shi ne babban makamin ɓarawo. Sabuwar ta san da zaman intanet. Ta ba ni damar in rubuta wa mai dandali cewa ga kayana an ɗora ba da izinina ba, ya sauke. Ta ba wanda aka sauke wa damar ya kare kansa in yana ganin an zalunce shi. Ta yi tanadin dakatar da asusun wanda ya mayar da satar sana'a. Majalisa ta yi aiki a nan, na yaba, kuma ba yabon fatar baki ba.

Murnar ta koma ciki ne ranar da wani lauya, abokina tun firamare, ya buɗe mini sashe na 61 ya fassara mini shi da Hausa. Abin da sashen yake cewa shi ne, Hukumar Haƙƙin Mallaka tana da ikon toshe duk wani abu da aka ɗora, ko adireshinsa, ko shafin sukutum, ita da kanta ko da taimakon wani, matuƙar tana da dalilin zaton an keta haƙƙin mallaka a wurin, ko da kuwa wata dokar ta faɗi wani abu dabam. Na ce masa, ina alƙali? Ya ce babu shi a sashen. Na ce, mai shafin fa, za a kira shi a ji ta bakinsa? Ya ce sashen bai faɗa ba. Na ce, in an toshe bisa kuskure, kwana nawa ne a buɗe? Ya yi dariya ya rufe littafin.

Ba na zargin mutanen da ke riƙe da hukumar a yau da wani mugun nufi. Sai dai su masu wucewa ne, sashen kuwa yana nan zai jira wanda zai gaje su, da wanda zai naɗa magajin, da wanda zai ɗaga waya ya kira shi da tsakar dare.

Bari in ba ku abin da ya same ni, don ku ga yadda takardar ƙorafin haƙƙin mallaka take zama makami. Wata safiya na tashi na tarar an sauke kashi biyu na wani shirina daga dandalin da nake ɗorawa, an kuma yi mini kashedin cewa in aka sake za a rufe tashar baki ɗaya. Laifina wai na saci fasahar wani. Da na bi diddigi, ashe wanda ya sace shirin ne ya ɗora a tasa tashar, sannan ya cike takarda ya ce nasa ne, ni na sata. Ɓarawo ya riga mai kaya ihu. Mako uku na yi ina aika bayani da Turancin da ba na uwata ba, da hoton rasit, da hotona a lokeshan riƙe da allon ɗauka, kafin a mayar mini. Masu tallan da suka biya ni suka nemi kuɗinsu, na biya. Wannan fa wuri ne mai tsarin ɗaukaka ƙara, waɗanda ba su san ni ba balle su ƙullace ni.

To ku ɗauki irin wannan takarda ku saka ta a hannun mai mulkin da wani ɗan jarida ya hana barci. Bidiyon da aka gan shi yana sakin baki a taro, ai gidan talabijin ɗin gwamnatinsa ne ya ɗauka. Ba sai ya ce an zage shi ba, ya isa ya ce an saci hoton gidan talabijin. Ba shaci-faɗi nake ba. A ƙasar Ekwado, zamanin Shugaba Rafael Correa, wani kamfanin Sifaniya mai suna Ares Rights ya riƙa aika takardun haƙƙin mallaka ana sauke hotuna da bidiyon masu sukar gwamnati.

Ko da babu mugunta, toshe shafi ba kamar rufe shago ɗaya ba ne a kasuwa. Shafuka da yawa a adireshi guda suke zaune, kamar gidan haya mai ɗaki ɗari da zaure ɗaya. Ka zo neman ɓarawon ɗaki na tara ka garƙame ƙofar zaure, ka kulle mai jego da mai zuwa asibiti da mai sammakon kasuwa. A 2013 hukumar kula da hada-hadar kuɗi ta Ostireliya ta je toshe shafin 'yan damfara, ta haɗa da wasu shafuka wajen 250,000 da ba su ji ba su gani ba. Italiya ta kafa tsarin toshe masu satar nuna ƙwallo cikin minti talatin, a watan Oktoban 2024 tsarin ya toshe wa mutanen ƙasar Google Drive na sa'o'i. A Amurka, ƙarshen 2010, hukuma ta ƙwace wani shafin waƙoƙi mai suna Dajaz1 bisa zargin satar fasaha, ta riƙe shi shekara guda cur, sannan ta mayar wa mai shi ba tare da an gurfanar da kowa ba. Waɗannan ƙasashe ne masu injiniyoyi da wutar da ba ta ɗaukewa.

Tunda na ambaci Amurka, bari in ɗan zauna a kanta, domin can aka yi wannan dambe a bainar jama'a, kuma can ne masu fim suka fi kowa kuɗi da baki. A watan Mayun 2011 Sanata Patrick Leahy ya gabatar da ƙudirin da ake kira PIPA a majalisar dattawa, a watan Oktoba kuma Lamar Smith, ɗan majalisar wakilai daga Texas, ya kawo ɗan'uwansa SOPA. Manyan kamfanonin fim na Hollywood da na waƙa suna bayansu, kuma kukansu irin nawa ne sak: shafukan ƙasashen waje suna kwashe mana gumi, hannunmu bai kai gare su ba. Maganin da aka tsara shi ne a tilasta wa kamfanonin sadarwa su ɓatar da adireshin shafin, a tilasta wa irin su Google su cire shi daga sakamakon bincike, a hana kamfanonin talla da na biyan kuɗi hulɗa da shi. 'Yan majalisa na jam'iyyun biyu sun yi layi sun sa hannu, kowa ya ɗauka an gama.

Sai injiniyoyin da suka gina intanet ɗin suka ce wannan taɓa ginshiƙin gida ne, malaman shari'a suka ce hukunci ne kafin sauraro. Ranar 18 ga Janairun 2012 Wikipedia ta Turanci ta rufe kanta awa ashirin da huɗu, duk wanda ya buɗe sai ya ga baƙin allo da hanyar da zai bi ya kira ɗan majalisarsa. Google ta lulluɓe tambarinta da baƙi, dubban shafuka suka bi sahu, miliyoyin mutane suka sa hannu a takardar ƙin amincewa. Sanatocin da suka ɗauki nauyin ƙudirin, irin su Marco Rubio, suka fara zamewa a ranar. Ranar 20 ga wata aka jingine ƙudirorin biyu, ba su sake tashi ba.

Abu biyu nake so ku riƙe a labarin nan. Na farko, ko a SOPA ɗin da suka yi wa wannan bore, ministan shari'a sai ya je kotu ya karɓo umarni kafin a toshe shafi. Abin da Amurkawa suka ce ya yi tsauri, namu sashen ya wuce shi, kuma ya shige ba tare da ko tari an yi ba. Na biyu, washegarin rufe Wikipedia, ranar 19 ga Janairu, hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, ɗaya daga cikin manyan rumbunan da ake zargi da kayan sata a duniya, aka kama mai shi Kim Dotcom a New Zealand. Da tsohuwar doka aka yi, ba a buƙaci sabuwa ba. A watan Yulin shekarar majalisar Tarayyar Turai ita ma ta yi fatali da yarjejeniyar ACTA ta yaƙi da satar fasaha da ƙuri'a 478 a kan 39. Ingila kuwa tana toshe shafukan sata, ta toshe The Pirate Bay tun 2012, amma mai kaya ne yake zuwa babbar kotu da hujjarsa, alƙali ya duba ya ba da umarni.

Akwai kuma waɗanda suka bi ɗaya hanyar. Rasha ta fara a 2012 da dokar toshe shafuka don kare yara daga batsa da ƙwaya, wa zai ce a'a? A 2013 aka ƙara ta satar fina-finai. Farkon 2014 aka ba babban mai gabatar da ƙara ikon toshewa ba tare da kotu ba, a watan Maris aka toshe shafin Garry Kasparov da na Alexei Navalny, 'yan adawa. Shekara biyu kacal tsakanin kare yara da rufe bakin abokin hamayya, kuma injin da aka saya don na farkon shi ya yi aikin na ƙarshen.

Wataƙila wani a cikinku ya ce Najeriya ba Rasha ba ce. Ranka ya daɗe, wanda maciji ya sara in ya ga igiya sai ya yi tsalle, mu kuwa ba sau ɗaya aka sare mu ba. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudirin da zai ɗaure mutum shekara biyu kan saƙon waya ko rubutun Facebook, sai da jama'a suka yi ca aka janye a 2016. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ta Gabas ya kawo nasa, wanda aka kwaikwayo daga dokar Singafo, mai tarar naira 300,000 ko ɗaurin shekara uku, da ikon a umarci kamfanonin sadarwa su toshe. A shekarar Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya zo da na kalaman ƙiyayya har da hukuncin rataya. A zaman jin ra'ayin jama'a na watan Maris ɗin 2020 mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ce ba sa so. Waɗannan ba su zama doka ba. Wadda ta zama doka ita ce ta laifukan intanet ta 2015, wadda aka ce mana don 'yan damfara aka yi, sai ga sashenta na 24 ya zama igiyar ɗaure 'yan jarida. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Sai 2024 kuka gyara shi, kuma watanni kaɗan bayan gyaran, a watan Mayu, aka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu aka tsare shi sama da mako guda a ƙarƙashin dokar. Mu a nan ba mu manta ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka ɗauke zuwa Abuja a ƙarshen 2022 ba, kan layi ɗaya da ya rubuta game da matar shugaban ƙasa.

Sai babbar. A farkon watan Yunin 2021 Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Buhari. Kwana biyu bayan nan Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da dandalin, sanarwar ma a Twitter ɗin aka buga ta. Washegari kamfanonin waya suka toshe. Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce a gurfanar da duk wanda ya ci gaba da amfani da shi. Wace doka ce ta ba da wannan iko? Wane alƙali ya sa hannu? Ku da kanku an kawo muku maganar kun jefa ƙuri'a? Kwana 222 aka yi, har 13 ga Janairun 2022, sannan a watan Yulin shekarar Kotun ECOWAS ta ce ba bisa ƙa'ida aka yi ba. Me aka samu? Yaran da ba su taɓa jin kalmar VPN ba, wato manhajar da ake zagaye toshewa da ita, suka koye ta cikin yini ɗaya. Masu zagi suka ci gaba da zagi ta bayan gida, mai sayar da atamfa da turaren wuta ita ta rasa masu saye. Wannan darasi ya shafe ni kai tsaye: ɓarawon fim shi ya fi kowa sanin hanyar bayan gida. Ka toshe masa shafi da safe, da yamma ya buɗe wani da sabon suna. An bar jaki ana dukan taiki.

A watan Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mako biyu aka ce, wasu wuraren suka shafe watanni. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don su kira ɗa ko su karɓi kuɗi, masu sana'ar POS suka rufe, wanda aka kawo wa hari ba shi da hanyar neman agaji. Ba na raina girman bala'in da ya sa aka yi hakan. Tambayata dai ita ce, da aka buɗe, wa ya zo gabanku ya yi lissafin abin da aka samu da abin da aka rasa? 'Yan bindigar suna nan. Maƙwabtanmu masu kallon fina-finanmu sun sha irin tasu: Chadi ta rufe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019, Nijar ta katse intanet ɗin waya kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021.

Na san abin da wasunku za su ce, don na sha jin sa a majalisar unguwarmu bayan isha'i. Tarbiyya ta lalace, 'yan TikTok sun zubar da kunya, ana ƙaga ƙarya ana raba aure, ana zagin malamai da sarakuna, ya za a bar abu ba linzami? Ni ma uba ne, 'ya'yana mata uku, kuma akwai abin da nake gani a waya in kasa cin abinci. Ban ce a bar shi sakaka ba. Wanda ya yi ƙazafi a kai shi kotu, wanda ya yaɗa tsiraicin wata a ɗaure shi, wanda ya sace fim ɗina ya biya ni. Mutum ɗaya, laifi ɗaya, hujja a gaban alƙali. Abin da na ƙi shi ne a ba ofis makullin da zai rufe kowa saboda laifin wani. Mu 'yan fim mun ɗanɗana wannan a Kano a 2007, lokacin da abin kunyar mutum biyu ya sa aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, mai kwalliya da mai dafa abinci da direban bas duk suka zauna a gida.

Ba kuma cewa nake kotu aljanna ce ba. Kotu ce a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin a 2022 kan bidiyon barkwanci da suka yi wa Gwamna Ganduje. Amma a kotu akwai sunan alƙali, akwai rana, akwai takarda, akwai ɗaukaka ƙara, akwai ɗan jarida a benci na baya. Umarnin da aka bayar ta waya ba shi da ko ɗaya. Tsarin mulkin da kuka rantse da shi ya ba ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi a sashe na 36, ya ba shi na magana da karɓar bayani a sashe na 39, ya kuma ɗora shari'ar haƙƙin mallaka a wuyan Babbar Kotun Tarayya. Me ya yi zafi da za a tsallake ta?

Gaskiya ɗaya kuma da ba ma son faɗa a masana'antarmu: mu ma hannunmu ba tas yake ba. Labari nawa muka kwaso daga Indiya muka sa masa hula da mayafi? Karin waƙa nawa? Fina-finan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa ana sayarwa, nawa ne aka nemi izinin masu su? Ranar da aka fara toshewa bisa zato kawai, kada abokan sana'ata su ɗauka ƙofar maƙwabci kaɗai za a buga.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku koma kan sashe na 61 ku sa alƙali a ciki. Hukuma ko mai kaya ya je Babbar Kotun Tarayya da hujja, a ware alƙalan da za su saurari irin wannan cikin kwanaki, don fim kamar tumatir ne, makon farko shi ne kasuwarsa. Umarnin ya faɗi ainihin abin da za a toshe, ya faɗi ranar da zai ƙare, a sanar da mai shafin, a kuma wallafa jerin duk abin da aka toshe inda kowa zai gani, har da Hausa. Wanda ya kai ƙorafin ƙarya, kamar mutumina, ya ji a jikinsa. Ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba za a yi amfani da haƙƙin mallaka a sauke labari ko sukar mai riƙe da muƙami ba. Sannan ku yi dokar da ta ce babu minista ko gwamna ko hukumar da za ta rufe dandali ko ta katse layin wata jiha sai da umarnin kotu da wa'adi, kuma a dawo gabanku a yi bayani. Ku da ke jam'iyya mai mulki ku tuna da shafukan sada zumuntar nan kuka yi yaƙin zaɓen 2015, ku tuna kuma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

In da gaske ɓarawona kuke nema, ba shi da wuyar samu. Masu tashoshin satar nan suna karɓar kuɗin talla da kuɗin shiga zaure, lambar asusun bankinsu tana rubuce a saman tashar, kowane asusu kuma da BVN a jikinsa. A bi kuɗin da umarnin kotu, a gurfanar da manya uku ko huɗu a idon duniya. Ƙananan kuwa ciniki ya fi kamu. Ni da kaina daga baya na koma ina sayar wa masu turawar kai tsaye, su biya ni kafin fim ya fita, kuɗin ba yawa amma ya fi babu. Yaron nan na bakin titi yanzu magidanci ne da shago biyu, yana cikin masu saye a hannuna. Har yau bai san ni ne Alhajin da ya sayar wa fim ɗinsa a naira talatin ba.

In za ku zauna jin ra'ayin jama'a kan wannan, don Allah kada a ƙare a ɗakin taro na Abuja da Turanci da lauyoyin manyan kamfanoni. Ku kawo zama ɗaya Kano, a yi shi da Hausa, a kira marubutan nan mata, a kira masu turawa, a kira 'yan jarida da mawaƙa. Ni zan zo da wuri, zan ɗauko a-daidaita-sahu in kawo muku buhunan nan shida ku gani da idonku.

Wassalam.

Naku,
Wani mai shirya fim daga Kano